Zauren Kimiyya: Man Motar da ke Ɓoye Cikin Kara da Totuwa

  

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur a Najeriya, babu gidan da bai ji a jikinsa ba. Kuɗin adaidaita sahu ya tashi, wasu daga cikinmu sun koma taka sayyada zuwa makaranta, janareta kuwa sai an yi babban baƙo ake tayar da shi. Ana cikin wannan hali ne, a zangon karatun da ya wuce, malaminmu na kemistiri a jami'a ya shigo aji riƙe da guntun karan dawa. Ya ɗaga shi sama ya ce mu faɗa masa abin da ke hannunsa. Wani ya ce makamashi, wata ta ce abincin shanu, wani daga baya ya ce bulalar makarantar allo, aji ya kwashe da dariya. Malam ya bari muka gama, sannan ya ce abin da yake riƙe da shi sukari ne da aka kulle, kuma duk wanda ya mallaki makullin zai iya fitar da man mota daga cikinsa. Sunan wannan makulli katalis. A kansa za mu tattauna yau.

Mene ne katalis?

Katalis abu ne da ke hanzarta sauyin sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare a cikin aikin ba. Ku ɗauke shi kamar dillali a kasuwar kara. Mai saniya yana gabas, mai saye yana yamma, za su iya wuni ba su haɗu ba. Dillali ya haɗa su, ciniki ya faɗa, shi kuma ya wuce ya haɗa wasu. Bai zama saniya ba, bai zama kuɗi ba. Bambancin kawai shi ne katalis ba ya karɓar la'ada.

'Yan ajin kimiyya sun san shi daga gwajin samar da iskar oksijin, inda ake barbaɗa baƙar hodar nan ta manganis a cikin ruwan haidurojin feroksaid, nan take kumfa ya taso, a ƙarshe kuma a tarar da hodar tana nan yadda take. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Jöns Jacob Berzelius ne ya raɗa wa wannan aiki suna a 1835. Tun kafin nan, a 1811, Gottlieb Kirchhoff ya dafa sitaci da ɗan asid a birnin St. Petersburg na Rasha, sitacin ya zama sukari, asid ɗin kuma bai ragu ba.

Katalis yana kewaye da mu. Takin yuriya da iyayenmu ke zubawa a gona daga iskar amoniya ake yin sa, ita kuma amoniya ana haɗa ta ne a kan katalis na ƙarfe, dabarar da Fritz Haber da Carl Bosch suka kai ta masana'anta a Jamus a 1913. Abin nan da makanikai ke kira indomi a cikin salansar mota shi ma katalis ne, yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da ke rage gubar hayaƙi, shi ya sa ɓarayi ke farautarsa.

Akwai kuma katalis da halittu masu rai ke yi da kansu, ana kiran su enzayim. Iyayenmu mata sun daɗe suna aiki da su. Mai kunun zaƙi tana dama gasara da tafasasshen ruwa, ta bari ta ɗan huce, sannan ta zuba ɗanyen ƙullun da aka niƙa da dankalin Hausa ko tsiron hatsi, ta rufe ya kwana. Da safe kunun da ya yi kauri jiya ya tsinke, ya kuma yi zaƙi. Enzayim ɗin da ke cikin dankalin ne ya yayyanka sitaci ya mayar da shi sukari. Da ta zuba tun ruwan yana tafasa, da zafi ya kashe shi.

Me ya sa kara ya fi hatsi taurin kai?

Fitar da man mota daga hatsi ko rake ba wani sabon abu ba ne. A mayar da sitaci sukari, a ba yis sukarin ya ci, ya fitar da etanol, wato sinadarin da ke cikin sifirit, sai a tace. Ga lissafin, ku riƙe shi don yakan fito a jarrabawa: giram 180 na gulukos yana ba da giram 92 na etanol da giram 88 na iskar kabon dayoksaid. Wato da ƙyar ake samun abin da ya ɗara rabin nauyin sukarin. Ƙasar Birazil ta kama wannan hanya gadan-gadan a 1975, bayan tashin farashin mai na 1973 ya gigita ta. Yau fetur ɗin da ake sayarwa a gidajen manta, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu etanol ne, akasarinsa na rake.

Matsalar ita ce hatsi abinci ne. A Amurka fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar da ake nomawa masana'antun etanol take tafiya, ko da yake dusar da ta rage ana ba dabbobi. A ƙasar da ake auna masara da tiya ana lissafin bakin da za a ciyar, zuba ta a tankin mota ba abin da hankali zai ɗauka ba ne. Wannan ya sa masana suka juya ga ɓangaren shuka da mutum ba ya ci: kara, totuwar masara, buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, garin katako na 'yan yankan itace.

To a nan aikin ya yi tsauri. Jikin kara abubuwa uku ne suka gina shi: selulos, hemiselulos da liginin. Ku tuna ginshiƙin gidan bene. Selulos shi ne rodi, hemiselulos ita ce wayar da ake ɗaure rodin da ita, liginin kuma shi ne kankaren da aka zuba ya rufe su duka. Selulos ne ya fi yawa, yakan kai kusan rabin nauyin busasshen itace.

Abin mamaki, selulos da sitaci duka sarƙa ce ta gulukos. Zoben iri ɗaya ne, yadda aka sarƙa su ne ya bambanta. Enzayim ɗin da ke cikin yawunmu ya san ƙullin sitaci, yana kwance shi cikin sauƙi, amma ƙullin selulos baƙo ne a wurinsa, kamar a sa makullin ɗaki a kwaɗon shago. Auduga kusan kashi 90 cikin 100 selulos ce. Ke nan rigar makarantar da ke jikinku, in ta auduga ce, sukari kuke sanye da shi, amma ko za ku wuni kuna taunar hannunta ba za ku ji zaƙi ba.

Saniya kuwa ta ci kara ta ba da nono. Gara ta shiga azara ta mayar da ita gari. Sirrinsu yana cikin cikinsu, inda ƙananan halittun da ido ba ya gani ke samar da enzayim mai kwance ƙullin selulos. Abin da masana'antu ke nema shi ne su yi abin da saniya ke yi, a cikin tankin ƙarfe, da sauri, kuma da arha.

Fumfunar da ta ci tantin soja

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da ke tsibiran Solomon a tekun Fasifik sun lura tantunansu da kakinsu na auduga suna ruɓewa da saurin da ya ba su tsoro. Da aka bincika sai aka tarar wata fumfuna ce ke cinye su. Aka kai ta ɗakin binciken sojoji da ke Natick a jihar Massachusetts, inda masana biyu, Elwyn Reese da Mary Mandels, suka shafe shekaru suna nazarinta. Da fari neman hanyar kashe ta ake yi. Daga baya aka fahimci cewa halittar da za ta iya narkar da tanti za ta iya narkar da kara. Aka sa mata suna Trichoderma reesei don girmama Reese, kuma har yau jikokinta ne ke samar da mafi yawan enzayim ɗin da masana'antu ke yanka selulos da shi.

Aikin mataki huɗu ne. Da farko a niƙa karan, a turara shi da tururi mai tsananin zafi, sau da yawa tare da ɗan asid, don a farfasa kankaren liginin. Na biyu a zuba enzayim ya yanka selulos zuwa gulukos, abin da kan ɗauki kwanaki. Na uku a ba yis. Na huɗu a tace etanol. Liginin ɗin da ya rage yawanci ƙona shi ake yi don samar wa masana'antar tururi da lantarki, kamar yadda masu mazarƙwaila ke hura wuta da busasshen raken da suka matse.

Ba man mota kaɗai ba

Kafin a kai ga mai, totuwa ta riga ta yi suna da wani sinadari. A 1922 kamfanin Quaker Oats ya rasa yadda zai yi da tulin ɓawon hatsin ots a masana'antarsa ta Cedar Rapids a jihar Iowa, sai ya fara dafa shi da asid yana fitar da wani ruwa mai suna furfural. Kada sunan ya ruɗe ku, babu ruwansa da furfurar kakanni, daga kalmar Latin ce mai nufin dusa. Hemiselulos ce ke zama furfural, asid kuma shi ne katalis. Yau ƙasar Sin ce ta fi kowa yin sa, kuma da totuwar masara take yi. Ana amfani da shi wajen tace man juye da kuma haɗa ƙaron da ke riƙe yashin da maƙeran zamani ke zuba narkakken ƙarfe a ciki.

Liginin ma, duk da taurin kansa, an samo masa aiki. A garin Sarpsborg na ƙasar Norwe, kamfanin Borregaard yana amfani da iska da katalis na tagulla yana fitar da banilin daga liginin ɗin itace. Shi ne ƙamshin banila da ake sa wa kek da askirim. Wani ƙamshin da kuke ji a biskit, daga gungumen itace ya fito.

Sai kuma mai. A baje kolin duniya na birnin Paris a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla. Amma man girki yana da kauri, yana toshe injunan zamani. Don a tsinka shi, ana haɗa shi da metanol da 'yar sodar nan ta masu sabulu. Kilo 100 na mai da kimanin kilo 10 na metanol suna ba da kimanin kilo 100 na bayodizal da kilo 10 na gilisirin, wanda muke haɗawa da man shafawa lokacin hunturu. Sodar da ake bukata ba ta wuce kimanin kilo 1 ba, domin a nan katalis ce. Idan kuwa ruwa ya shiga cikin man, sodar sai ta bar dillanci ta shiga cinikin da kanta, a wayi gari da sabulu a tukunya maimakon man mota.

Akwai wani dalilin da ke sa a nemi katalis, wato oksijin. Ku auna gulukos: cikin giram 180, giram 96 oksijin ne, fiye da rabi. Fetur kusan babu oksijin a jikinsa. Abin da ya riga ya ƙoshi da oksijin ba ya ba da zafi sosai idan an ƙona shi, shi ya sa kilo ɗaya na busasshen itace bai kai rabin ƙarfin kilo ɗaya na fetur ba, litar etanol kuma kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin litar fetur take bayarwa. Jirgin sama ba zai iya ɗaukar wannan nauyin banza ba. Saboda haka ake bi da mai ta kan katalis na ƙarafa irin su nikel da molibdinam tare da iskar haidurojin, oksijin ɗin ya fita a matsayin ruwa, a samu mai irin kananzir ɗin jirgi. A ranar 28 ga Nuwamban 2023 jirgin Virgin Atlantic ƙirar Boeing 787 ya tashi daga Landan ya sauka a New York ba tare da ɗigon man ƙarƙashin ƙasa ba. Kashi 88 cikin 100 na man nasa daga tsohon man suya da kitse aka yi shi, sauran kashi 12 daga sukarin tsirrai.

Inda gizo ke saƙar

Mai karatu zai ce, to me ake jira? Mu ma haka muka tambaya. Amsar ita ce abin da ya yiwu a kwalbar ɗakin gwaji ba lallai ya biya kuɗinsa a kasuwa ba. A 2014 aka buɗe masana'antar POET-DSM a Emmetsburg ta jihar Iowa don yin etanol daga kara da totuwar masara, a 2019 ta dakatar da aiki. Ta kamfanin DuPont, ita ma a Iowa, an buɗe ta a 2015 aka rufe a 2017. Kara yana da cin wuri ga rashin nauyi, tattara shi da dakonsa suna cin kuɗi. Yana zuwa da ƙasa da tsakuwa masu cinye injuna. Enzayim yana da tsada, katalis na ƙarfe kuma datti yana toshe shi har ya daina aiki. Uwa-uba, gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 50 a farkon 2015, sai fetur ya fi sabon man arha.

Duk da haka ba a watsar ba. A Birazil kamfanin Raízen yana yin etanol daga raken da aka riga aka matse, domin shi kayan aikin yana tule a ƙofar masana'antar sukari, babu kuɗin dako. A Indiya, inda ƙona karan shinkafa a jihohin Punjab da Haryana ke ƙara turnuƙe birnin Delhi da hayaƙi duk kaka, an ƙaddamar da masana'antar Panipat a watan Agustan 2022. Bisa tsarin da aka sanar, za ta riƙa cin tan 200,000 na karan shinkafa ta ba da kimanin lita miliyan 30 na etanol a shekara. Ku raba ku gani: lita 150 ke nan daga kowane tan.

Idan muka dawo gida, akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu tsakani da Allah. Littattafan da muke karantawa suna kiran kara shara. A wurinmu kara dukiya ce. Da shi ake danni da rufin rumfa, shi ake hura wuta da shi, shi ke riƙe shanu da tumaki har ruwa ya sauka, harawa kuwa sayar da ita ake yi dami-dami. Wanda aka bari a gona yana kare ƙasa daga iska, ya ruɓe ya zama taki. Duk wanda zai kwashe karan ƙauye ya kai masana'anta, sai ya fara faɗa mana abin da saniya za ta ci da bazara, da abin da uwar gida za ta dafa tuwo da shi. A ganinmu wurin da ya dace a fara dubawa shi ne abin da babu mai so kuma ya riga ya taru wuri guda: tulin buntu a bayan injinan casar shinkafa da ke cin wuta yana hayaƙi, totuwa a wurin masu sussukar masara, garin katako, da baƙin man suyar da masu ƙosai da awara ke ta maimaitawa alhali ya kamata a ce ya bar kasko. Kowannensu da halinsa. Buntun shinkafa, alal misali, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce mai sinadarin yashi, don haka dabarar da ta yi aiki a kan karan masarar Iowa ba za ta hau kansa kai tsaye ba. Sai an samu masu binciken da suka san kayan, suka kuma san abin da manomi zai yarda ya rabu da shi. Ba mu ga waɗanda suka fi ku dacewa da wannan aiki ba, ku da kuka tashi kuna ganin waɗannan tuli a hanyar makaranta, in dai kun riƙe kemistiri da bayoloji da lissafi da kyau tun yanzu.

Aikin wannan mako

Na farko, ku sami lomar burodi marar sukari ko dafaffiyar farar shinkafa, ku yi ta taunawa na minti biyu ba tare da haɗiyewa ba. Ku lura da yadda ɗanɗanon ke sauyawa, sannan ku bayyana dalili.

Na biyu, wannan a gaban malamin kimiyya za a yi shi. A zuba ɗan haidurojin feroksaid irin na wanke ciwo da ake sayarwa a kemis cikin kofi biyu. A jefa ɗanyar hanta a ɗaya, dafaffiya a ɗayan. Wanne ya yi kumfa? Mece ce alaƙar abin da kuka gani da mai kunun zaƙin da ta bar gasararta ta huce?

Na uku, idan masana'anta ta samu kilo 900 na gulukos daga kara, kilo nawa na etanol za ta iya samu in babu asara ko kaɗan?

Gargaɗi: kada wanda ya gwada haɗa bayodizal a gida. Metanol guba ne, kaɗan daga cikinsa yana makantarwa ko ya kashe, soda kuma tana ƙona fata da ido.

Ku aiko da amsoshinku ta adireshin jaridar tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi gamsarwa. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A yi karatu lafiya.